Wai da gaske kwayar sinadari daya tal zata iya aikin tiransista?

Dan Agege: Salam yan uwa. Gyaran waya nake a Computer Village Ikeja, kullum muna fama da kananan tiransista, wato 'yan na'urorin dake budewa da rufe hanyar wutar lantarki, da kyar ido ke ganinsu, sai naji wai turawa na sarrafa wutar lantarki cikin kwayar sinadari (molecule) guda daya, don Allah ta yaya?

Baban Ummi: Gaskiya ne kanina, tun 1974 wasu masana kimiyya biyu, Aviram da Ratner, suka kawo shawarar kwayar da zata bar wuta ta wuce gefe daya kawai. Siririyar wayar zinare ake ja har ta tsinke, kwayar ta shiga tsakani ta hada bakin biyu, shiyasa ake sa mata sinadarin farar wuta (sulfur) a kowane karshe don tana kama zinare sosai. Sai a kawo waya ta uku kusa, a kara ko a rage karfin lantarkinta, wutar dake ratsawa ta canza, aikin tiransista kenan.

Hajiyar Idi-Araba: Harda haske ma, wasu kwayoyin in an haska su siffarsu na juyawa, wuta ta bude ko ta rufe.

Dan Agege: Ikon Allah! To yaushe zasu shigo kasuwa?

Baban Ummi: Da sauran aiki wallahi, mahadar kwayar da zinaren ce matsala, atom (kwayar zarra) daya ya gota sakamako ya canza.