Horon sanin makamar aiki ga ɗalibar ilimin zamantakewa: babbar ƙungiya ko ƙarama?

Ɗalibar aji uku:

Assalamu alaikum. Ina karatun ilimin zamantakewar al'umma a wata jami'a da ke Arewa maso Gabas, kuma sashenmu ya wajabta wa kowane ɗalibi ya yi wata uku yana sanin makamar aiki a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da jami'ar ke hulɗa da su. An ba ni zaɓi biyu a Maiduguri: ofishin wata babbar ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, ko wata ƙaramar ƙungiya ta gida da ke tallafa wa matan da rikici ya raba da garuruwansu. Mahaifina ya fi karkata ga babbar saboda sunanta, amma waɗanda suka gabace ni sun ce ɗalibi kan ƙare a can yana jera takardu. Wacce ta fi dacewa? Sannan ko ya halatta in yi amfani da bayanan da zan tattara wajen rubuta kundin kammala digirina?

Malamin jami'a:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki fara sanin cewa tsarin SIWES na tura ɗalibai sanin makamar aiki a masana'antu, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF mai hedikwata a Jos ta ƙirƙiro a 1973, an gina shi ne musamman domin ɗaliban injiniya da kimiyya da aikin gona da makamantansu, don haka horo irin naku yawanci ya dogara ne ga yarjejeniyar da sashe ya ƙulla da ƙungiya. Wannan yarjejeniyar ita ce abin nema kafin sunan ƙungiya. Ki je wurin malamin da ke kula da horon, ki roƙi a nuna miki abin da aka rubuta: wane aiki za ki yi, wane ma'aikaci ne zai kula da ke ya riƙa sa hannu a littafin da kike rubuta ayyukanki na kullum, wa zai biya kuɗin mota idan an fita unguwanni, kuma yaushe malaminku zai kawo ziyara. Ƙungiyar da ta kasa amsa waɗannan a rubuce, babba ce ko ƙarama, ba ta shirya karɓar ɗalibi ba.

Ma'aikaciyar agaji:

Ƙanwata, ni zan ba ki shawarar ƙaramar, idan har tana da rajista da ofishi tsayayye. Manyan ƙungiyoyi suna da tsauraran ƙa'idojin tsaro da inshora, shi ya sa ba kasafai suke barin ɗalibi ya bi tawaga zuwa cikin al'umma ba, kuma ba rowa ba ce. A ƙaramar ƙungiya kuwa hannu bai yi yawa ba, da wuri za a miƙa miki waya mai manhajar KoboToolbox a ce ki cike tambayoyi gida-gida. Tun da gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin 'yan gudun hijira da ke cikin Maiduguri a 2021, yawancin aikin ya koma cikin unguwanni, inda sai kin gaida mai unguwa, kin yi sallama a zaure, kin zauna kan tabarma kin saurari matar da ke ba ki labari tana tankaɗe gari, kafin ki kai ga tambaya ta farko. A nan ne abin da aka koya miki game da zaɓen waɗanda za a tambaya da dabarun hira zai zama aiki. Idan kina jin Kanuri ko Larabcin Shuwa, ki faɗa tun ranar farko.

Game da kundinki, a'a, sai da izini. Matan sun amince su yi magana ne domin aikin ƙungiyar, ba domin bincikenki ba, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta hana a karkatar da bayanin mutum zuwa wata manufa da ta saɓa wa wadda aka karɓe shi dominta. Ki nemi amincewar ƙungiyar da ta sashenku a rubuce, ki sake neman yardar matan, ki cire sunaye da duk abin da zai sa a gane su. Kada kuma ki ɗauki hoton kowa da wayarki.

Tsohon ɗalibi:

Malama ta yi gaskiya, sai dai kada a raina aikin ofis. Ni a babbar ƙungiya na yi nawa, a sashen da ke bibiyar ayyuka da auna sakamakonsu, kuma can na koyi tace bayanai a Excel da rubuta rahoton da masu ba da tallafi za su karɓa. Idan za a tura ki wannan sashen, ki karɓa da hannu biyu.

Ɗalibar aji uku:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan je sashe in nemi ganin yarjejeniyar, sannan in tambayi babbar ƙungiyar ko wane sashe suke nufin ajiye ni kafin in koma wa Baba da magana.