Kyanwa ta haihu a gidan hayarmu, kowa kuma da yarensa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a gidan haya wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, ɗaki tara, akwai mu Hausawa, da Yarbawa gida biyu, da wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran babur, sai Buzu mai gadi. Wata kyanwa ta saba da mu, ita ta raba mu da ɓeraye. Sati uku ke nan ta haifi 'ya'ya huɗu a bayan tanki. Yara na wasa da su kamar 'yar tsana, wata maƙwabciya ta ga ɗaya ya yi laushi ta jiƙa masa farasitamol, washegari ya mutu. Wani kuma ya ce a zuba sauran a buhu a kai daji, wai baƙar da ke cikinsu ba alheri ba ce. Na rubuta takarda da Turanci na manna a ƙofa, ko kallonta ba a yi ba. Yaya zan fahimtar da mutane ba tare da rigima ba?

Ma'aikacin lafiyar dabbobi: Wa'alaikumus salam Hajiya. Farasitamol guba ne ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ko ɗan gutsure yana kashewa. Haka albasa da tafarnuwa, da maganin kaska na shanu ko na karnuka. Madarar shanu ma da ake ganin gata ce, zawo take sa yawancinsu. Ku bar 'ya'yan da uwarsu har sati 8. In sun kai wata 3 a kai su asibitin dabbobi a yi musu rigakafin ciwon haukan kare, don ba kare kaɗai ke ɗaukarsa ba. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya wuce asibiti. Mai juna biyu kuma kada ta kwashe kashin kyanwa. Sannan ki sani cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, in ba a yi mata aikin hana haihuwa ba, kafin ki raba waɗannan wasu na tafe.

Wata malamar firamare: Yaya, kuskurenki takardar nan. Wa ke tsayawa karatu da safe yana sauri? Ki bi ta kan yara. Duk yaran gidan Hausa suke ji ras, ko iyayensu ba su ƙware ba. Ki tara su da yamma, ki tambayi kowa sunan kyanwa a yarensu. Ɗan Bayarabe zai ce ologbo, ɗan Inyamuri ya ce nwamba. Da yaro ya ji an tambayi yarensu, ya zama naki. Daga nan ki ba kowa aiki: wannan ruwa, wancan ya hana jifa. Su za su kai maganar ɗaki da harshen da uwarsu ke ji. Na gwada a ajina kan wanke hannu, ya fi allo aiki.

Wani dattijo daga Rafin Daɗi: 'Yata, mai maganar buhu a tuna masa da hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Yana cikin Buhari da Muslim. A Muwaɗɗa ma an ce kyanwa ba najasa ba ce. Baƙi kuwa launi ne kawai. Amma ki same shi shi kaɗai, kada ki kunyata shi a tsakar gida.

Wani: Ni fa ina ganin an cika zurfafawa. Mutane na neman na tuwo, a ce a kai kyanwa allura?

Ma'aikacin lafiyar dabbobi: Malam, kuɗin allurar kyanwa bai kai na jinyar yaron da ta ciza ba. Gida tara ne, a yi karo-karo.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na cire takardar. Matar Bayaraben ta ce za ta yi saƙon murya da Yarbanci ta tura wa 'yar'uwarta, mai gadi kuma ya riga ya zaɓi baƙar. Saura biyu, in akwai mai so a nan cikin gari ya jira nan da sati biyar.