Ina son yin shiri kai tsaye da fuskar katun maimakon tawa, ta ina zan fara?

Ummin Tatsuniya:
Assalamu alaikum 'yan dandali. Ina so in riƙa karanta tatsuniyoyi kai tsaye a YouTube, amma ba da fuskata ba, da 'yar katun da za ta riƙa motsa baki da ƙifta ido idan ina magana, irin waɗanda ake ce wa VTuber ɗin nan. Abin da ke hannuna laptop ne mai RAM 8GB, ba shi da katin hoto na daban, sai wayar Android da data ta layin waya. Wace manhaja ake amfani da ita? Kayan nan za su ɗauka kuwa? Kuma awa ɗaya data nawa take ci?

Baban Waya:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sana'ar nan daga Japan ta taso, wata 'yar katun mai suna Kizuna AI ce ta fito da sunan a ƙarshen 2016, daga baya kamfanoni irin su Hololive da Nijisanji suka mayar da ita babbar kasuwa. Kada ki auna kanki da su, akwai masu zane da injiniyoyi a bayansu.

Katun ɗin iri uku ne. Mafi sauƙi shi ne na hotunan PNG. Hotuna huɗu kawai ake zanawa na fuska ɗaya: baki rufe ido buɗe, baki buɗe ido buɗe, sai kuma waɗannan biyun da ido a rufe. Ki zuba su a veadotube mini, kyauta ce. Ba ruwanta da kyamara, makirfo take saurara: kin yi magana ta sa hoton buɗaɗɗen baki, kin yi shiru ta mayar. Kusan ba ta cin ƙarfin kwamfuta.

Na biyu shi ne Live2D, zane ne shimfiɗaɗɗe da aka yanka gunduwa-gunduwa aka ɗaura wa motsi, ana kunna shi a VTube Studio, kyamara tana bin fuskarki. Na uku mai siffar 3D, ana ƙera shi a VRoid Studio kyauta, a fitar da shi a fayil ɗin VRM, a kunna a VSeeFace. Wajen fitarwa ki zaɓi VRM0.0, domin VSeeFace ba ya buɗe VRM1.0, kuma nan ne sababbi da yawa suke maƙalewa su ɗauka fayil ɗin ne ya lalace.

Da wannan laptop ɗin, shawarata ki fara da PNG. Mai sauraron tatsuniya muryarki ya zo ji.

Mai Alƙalami:
Malam Baban Waya ya yi gaskiya, amma kada a kashe mata gwiwa da Live2D, ba shi da nauyi kamar 3D, kuma 8GB tana ɗaukar ƙaramin katun idan ba a haɗa da wasan kwamfuta ba. Wahalarsa a wajen zane take.

Idan za ki ba mai zane aiki, ki faɗa masa tun farko cewa na Live2D ne, a fayil ɗin PSD, wato na manhajar zane ta Photoshop, kowane sashe a shimfiɗarsa daban. Ido ɗaya kaɗai ya kasu: farin ido, ƙwayar ido, ɗigon haske, gashin ido na sama, na ƙasa, gira. Baki kuma leɓen sama, leɓen ƙasa, haƙora, harshe, da duhun cikin baki. Abin da aka fi mantawa shi ne zana abin da yake ɓoye. Wuyan da ke ƙarƙashin haɓa, goshin da ɗankwali ya rufe, kunnen da ke bayan mayafi, duk sai an cike su, in ba haka ba ranar da katun ya juya kai sai ki ga rami a fuskarsa.

Daga nan sai ɗaurin motsi a manhajar Live2D Cubism. Juya kai hagu da dama, sama da ƙasa, da karkatawa, kowanne yana tafiya daga -30 zuwa 30, buɗe ido da buɗe baki kuma daga 0 zuwa 1. Ta kyauta tana da iyaka: ma'aunin motsi 30, gutsuren zane 100, da shafin hoto ɗaya da bai wuce 2048 ba. Ga katun daga ƙirji zuwa sama wannan ya wadatar. Akwai kuma gwajin cikakkiyar na kwana 42, sai dai kada ki kunna shi sai zanen ya kammala, don kwanakin ba sa jira.

Wani sauƙi da kike da shi: katun mai hijabi ko ɗaurin ɗankwali ya fi mai sakakken gashi sauƙin ɗauri nesa ba kusa ba, domin gashi ne yake cinye gutsure da lokacin saita lilo. Bakin mayafi da 'yan kunne kawai za a sa wa lilo. A VRoid kuwa akasin haka ne, tufafinsa na can ne, ɗaurin ɗankwali ko hula sai an yi dabara da kayan gashi ko a shiga Blender, manhajar ƙera siffofin 3D.

Ummin Tatsuniya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To ta yaya katun ɗin zai isa YouTube? Maganar data kuma har yanzu ita ce a raina.

Ɗan Sabon Gari:
Hajiya, OBS Studio ce gadar, wato manhajar da ke tura hoto da murya zuwa YouTube, ita ma kyauta. Kafin komai ki kunna damar shiri kai tsaye a tasharki ta YouTube, za su tantance lambar waya, kuma yakan ɗauki har awa 24 kafin ya buɗe, don haka kada ki bari sai ranar shiri.

A OBS ki ƙara Game Capture, ki zaɓi tagar manhajar katun, ki danna Allow Transparency don bayan ya ɓace. Idan allon ya fito baƙi, ki koma Window Capture, ki sa bayan katun kore, ki cire shi da Chroma Key. Amma fa in katun yana sanye da koren mayafi, mayafin ma zai tafi, sai ki sauya launin bayan zuwa wanda babu shi a jikinsa.

Saiti a OBS: girman hoto 1280 da 720, hoto 30 a daƙiƙa, CBR (turawa da gudu ɗaya ba sauyi), a gurbin keyframe kuma ki sa daƙiƙa 2. A gurbin Encoder, mai matse bidiyo kafin a tura, idan na'urar Intel ce ki zaɓi QuickSync ya ɗauke wa CPU, ƙwaƙwalwar kwamfutar, nauyi. In babu, x264 a kan veryfast.

Lissafin data kuwa ga shi. Ana lissafi ne da bitrate, wato yawan datar da ake turawa a daƙiƙa: hoto a 2500 kbps, murya a 128, jimla 2628. Ki raba da 8, ki ninka da daƙiƙa 3600, ya kama kusan 1.2GB a awa. Amma katun da ke zaune gaban bango marar motsi ba ya buƙatar haka. A 1500 ma yana fita tsaf, wato wajen 730MB a awa. Kuma saurin turawa ake dubawa, ba na saukewa ba. Ki gwada a daidai lokacin da za ki riƙa shirin, don layin da ke gudu da hantsi yakan yi nauyi bayan isha'i. Ki tabbata abin da gwajin ya nuna ya kai ninki biyu na abin da kika saita. Idan OBS ta fara ƙirga dropped frames a ƙasa, laifin layi ne, ki rage bitrate. Idan kuma encoding overloaded ta rubuta, kwamfutar ce ta gaji, ki rufe burauza. Sharhin masu kallo ki karanta a waya.

Baban Waya:
Bari in ƙara abubuwan da ke ɓata shiri bayan an gama saiti.

Na farko ƙarar janareta da fanka. Katun na PNG bai san muryarki da ƙarar inji ba, sai ki ga bakinsa a hangame kina shiru. Ki ɗaga ma'aunin jin sautin veadotube har ya wuce ƙarar ɗakin, ki kawo makirfo kusa da baki kamar tazarar tafin hannu. A OBS kuma ki sa matatan hayaniya a makirfo: Noise Suppression a kan RNNoise, sannan Noise Gate. Ki lura tacewar OBS masu kallo take yi wa aiki, ba ta shafi abin da veadotube take ji ba, kowacce da saitinta.

Na biyu haske, ga mai amfani da kyamara. Kyamarar laptop a ɗaki mai duhu takan rasa gira da leɓe, musamman a fata mai duhu, sai idon katun ya riƙa rawa ko ya ƙi rufuwa. Fitila a gabanki, ɗan sama da ido, ba a baya ba, kuma kada ki ba taga baya. Mai tabarau ya karkatar da fitilar gefe saboda ƙyalli. Wannan ne ya sa ƙwararru suke son iPhone mai Face ID, daga iPhone X zuwa sama: tana auna fuska da hasken da ido ba ya gani, tana bin motsi 52, har kumbura kumatu. Android ma tana aiki da VTube Studio, amma sai waya da laptop suna kan Wi-Fi ɗaya, kuma ki ba manhajar izini a firewall na Windows. Wayar za ta yi zafi, ki cire mata riga, ki rage hasken allo.

Na uku, murya takan riga baki fita, saboda bin fuska yana ɗaukar ɗan lokaci. Ki naɗi gwaji kina cewa "baba, baba", ki duba, sannan a Advanced Audio Properties na OBS ki ƙara Sync Offset na makirfo, wato jinkirin murya, ki fara da 100 ms kina ƙarawa har leɓe ya haɗu daidai kan "b".

Mai Alƙalami:
Tunda ɓoye fuska ne dalilin, Hajiya, a kiyaye wannan. Kada ki taɓa sa Display Capture, duk abin da ya faɗo a allo zai fita, har saƙon WhatsApp da sunan da ke kan Windows. Kada kyamarar kanta ta kasance cikin jerin OBS ko da a kashe, dannawa ɗaya ce tsakaninki da fitowa. Ki buɗe tashar da imel daban. Murya dai ba ta ɓoyuwa, 'yan gida za su gane ki daga sallama.

Shirin farko ki sa shi Unlisted, wato sai mai link ne zai gan shi, ki yi minti 10, ki kalla a waya da abin kunne kafin ki gayyaci kowa. Idan kin tashi ba da aikin zanen, ki sa mai zanen ya haɗa miki da PSD mai shimfiɗu tun yanzu, ko da PNG za ki fara, don kada ki biya sau biyu ranar da za ki koma Live2D.