Cin zarafin mata: muryar wa ake ji?

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawarar da aka yi kan cin zarafin mata: muryar wa ake ji, kuma me ya kamata a yi.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Tarana Burke, baƙar fata 'yar Amurka, ita ta fara MeToo (gangamin da matan da aka ci zarafinsu ta hanyar lalata ke fitowa su faɗi abin da ya same su) a 2006 don 'yan matan talakawa. Duniya ba ta waiwayo ba sai a 2017, da taurarin Hollywood suka ɗauka.

2. Haka ArewaMeToo, irinsa da aka yi a Arewacin Najeriya a 2019: masu waya da Turanci aka fi ji. 'Yar aikin da maigida ke bi ɗaki, ko 'yar tallar da ake ja cikin shago, ina ta ga Twitter? Shawara: a shiga rediyo da Hausa, kuma a tanadi kuɗin asibiti da lauya kafin a ce mata ta buɗe baki.

3. Yara maza, musamman almajirai, kada a manta da su.

Inda aka rabu:

Fallasa sunan mai cin zarafi. Wasu sun ce shi kaɗai manya ke tsoro. Wasu suka ce in aka kai ƙarar ɓata suna, 'yar talaka ce ke kwana a ciki. Ni na fi karkata nan.

Batun jawo malamai cikin wannan fafutuka kuwa, an ja sosai, ba a cimma matsaya ba.