Mutum 30 zan ciyar a hutun Ista, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Barkanmu da warhaka 'yan'uwa. Hutun Ista na bana a gidanmu dangi za su haɗu, manya 22, yara 8. Babban cin abincin ranar Lahadi ne da rana. Shinkafa nake son yi da miyar tumatir, gasasshiyar kaza, dankali da salak. Murhu mai kai huɗu gare ni, oben ɗaya, firij ɗaya. Nawa zan auna, me kuma zan iya yi tun kafin ranar? Ku taimaka mini don Allah.

Amsa ta farko: 'Yar'uwa, fara da awo. Yaran nan 8 ki lissafa su a manya 4, kin ga baki 26 ke nan. Ɗanyar shinkafa giram 90 kowane mutum, kilo 2 da rabi ta ishe ki har da ragowa. Kaza mai ƙashi giram 300 kowa, kilo 8 ke nan. Dankali kilo 4, miya lita 4. Amma gishiri da yaji kada ki ninka su yadda kika ninka sauran kaya. Zuba kashi biyu cikin uku na abin da lissafi ya ba ki, ki ɗanɗana bayan miyar ta tsotse, sannan ki ƙara. Ruwa na ƙonewa, gishiri yana nan.

Amsa ta biyu: Ni shinkafar zan ja miki kunne a kai, don a nan girkin taro ya fi lalacewa. Kada ki jibge ta a tukunya ɗaya. Nauyin ta sama yana danne ta ƙasa, sai gindi ya caɓe ya yi ƙanzo, sama kuma da tsinke. Raba ta tukunya biyu masu faɗi da kaurin gindi. Ki wanke ta har ruwan ya yi haske, ki tsane, ki zuba cikin tafasasshen ruwa, gwangwani ɗaya da rabi na ruwa ga gwangwanin shinkafa ɗaya. Da ruwan ya ja, rage wuta sosai, rufe bakin tukunyar da foyil kafin murfi, ki bar ta ta turara minti 15 zuwa 20. Ban da juyawa, ban da yawan leƙawa.

Mai tambaya: Na gode Anti. To in dafa ta tun daren Asabar, da safe in ɗumama?

Amsa ta biyu: A'a ƙanwata. Akwai ƙwayar cuta a shinkafa, Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta kashe 'ya'yanta. Idan shinkafa ta kwana tana hucewa a hankali sai su farfaɗo su saki guba, ɗumame kuma ba ya kawar da gubar, sai amai da gudawa. Ranar Lahadi za ki dafa, awa ɗaya ta ishe ki.

Amsa ta uku: Oben ɗin nan ɗaya shi ne ƙullin aikin. Safiyar Juma'a ki sauko da kazar daga firiza zuwa can ƙasan firij, cikin roba mai zurfi don kada ruwanta ya ɗiga kan wani abu. Kilo 2 na cin kusan awa 24 kafin ya narke, saboda haka ki rarraba ta, kada ki bar ta dunƙule. Asabar ki shafe ta da kayan ƙamshi, ki yi miyarki, ki fere dankali ki bar shi cikin ruwan sanyi a firij don kada ya yi baƙi.

Lahadi kazar zagaye biyu za ta yi, tire biyu kowane zagaye, digiri 200, minti 40 zuwa 45, a tsakiyar lokacin ki sauya wa tirorin wuri. Ki bar fili tsakanin yanka da yanka. In kika cunkushe su ruwa za su fitar, su dahu fari fat maimakon su gasu. Da ma'aunin zafi ki soki inda ya fi tsoka ba tare da taɓa ƙashi ba, sai ya kai digiri 74. Dankalin ki sulala shi minti 8, ki tsane ya sha iska, ki soya a murhu, oben ba shi da wurinsa. Salak kuwa sai an zo zama za ki zuba masa gishiri da mai, in ba haka ba ya saki ruwa ya yi laushi.

Amsa ta huɗu: Ƙari kan miyar Asabar. Lita 4 a tukunya ɗaya tsakiyarta na daɗewa da ɗumi ko a cikin firij ne, kuma tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Juye ta a robobi marasa zurfi, kamar santimita 5, su shiga firij kafin awa biyu. Ranar Lahadi ki tafasa ta sosai. Abin da ya rage a teburi ma awa biyu ne iyakarsa, in ana tsananin zafi awa ɗaya. Tun Alhamis ki kwashe lemo da ruwa daga firij ki mayar da su bokitin ƙanƙara, don kazar kaɗai za ta cinye miki hawa guda.