Tafin hannun ɗiyata ya koma rawaya: shawara ce ko karoti?

Uwar Biyu, Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗiya ƴar shekara uku. Kwanan nan na lura tafin hannunta da na ƙafarta sun yi rawaya, har da gefen hanci. Ba zazzaɓi, tana cin abinci, tana wasanta. Tun lokacin ɗari babanta ke sayo karoti, ina dafa mata da kabewa in murƙushe, kullum sai ta ci. Ga shi mangwaro ya shigo, ba ta ɗaga kai daga gare shi. Uwar mijina ta ce shawara ce, har ta aika a nemo saiwar da za a jiƙa. Ni dai hankalina bai kwanta da jiƙon ba. Wa ya taɓa ganin irin wannan? Kuma da gaske ne karoti yana gyara ido, ko zance ne kawai?

Majo:
Wa alaikumus salam, Uwar Biyu. Kafin komai, ki fito da ita hasken rana ki dubi farin idonta. Shawara a ido take fara nunawa, sau da yawa kuma fitsari ya yi duhu, yaro ya yi laushi. In ido fari ne tas, rawayar kuma a tafin hannu da ƙafa ta tsaya, to alama ce ta karotin ya taru a fata. Karotin shi ne abin da ke ba karoti, kabewa, mangwaro da gwanda launinsu. Jiki yana juya wani sashe nasa ya zama bitamin A gwargwadon buƙatarsa, ragowar ya ajiye a kitse da fata. Ba ya cutarwa. In an rage, launin yana bajewa a hankali cikin makonni, wani lokaci ya kai wata biyu ko uku. Duk da haka ki kai ta gidan likita a gan ta ido da ido, ni daga nesa nake magana. Jiƙon kuwa a dakata da shi, domin in ma shawarar ce, hanta ce ke wahala, ba a ƙara mata kaya.

Batun ido, akwai gaskiya amma an yi mata ƙari. Ƙarancin bitamin A shi ke kawo dundumi, yaro ya riƙa lalube da magariba, in abin ya yi nisa ido ya bushe har ya makance. Wannan abinci yana karewa daga shi. Amma wanda ke buƙatar tabarau, ko buhu ya ci na karoti sai ya sa tabaransa. Ni da zan riƙa ganin yara masu rawayar hannu a wurin aiki da na gode Allah. Waɗanda muka fi gani su ne masu wuni a kan hura da tuwo da miyar da ba mai, gero kuwa ba shi da abin kirki na karotin. Dalilin ke nan ake ɗiga wa yara bitamin A a baki duk wata 6: ƙwaya shuɗiya ga ƴan wata 6 zuwa 11, ja ga ƴan shekara 1 zuwa 5.

Uwar Biyu, Zariya:
Na duba, Majo, idon fari ƙal. Allah ya saka da alheri. Gobe babanta zai kai mu, shi kuma zai yi wa Inna bayani, ni ba bakina ba.

Mai Garka, Jiratawa:
Alhamdu lillahi. Amma ni abin da ke ba ni haushi, da an ce bitamin A sai kowa ya ce karoti. Karoti wata nawa yake yi a kasuwa da araha? Da zafi ya kankama sai ya yi tsada. Zogale fa? Muna yankarsa rani da damina a nan bakin Gulbi, mu cika buhuna a kai Maradi. Ga alayyafo, ga rama, ga tafasa da damina ko kuɗi ba a biya. Karotin ɗin yana cikinsu, koren ganyen ne ya rufe shi. Ku dubi ganyen da ya tsufa a jikin icce, ai rawaya yake komawa.

Ɓarnar a wajen shanya take. Mata su baza zogale ko kuka a tsakar gida, rana ta doke shi har ya koɗe ya yi toka-toka. Wannan ya zubar da amfaninsa da yawa. A shanya a inuwa, cikin rumfa ko ɗaki mai iska, ya bushe yana kore shar. Ko a kasuwa mai wayo koren yake zaɓa.

Malamin Kwaleji:
Mai Garka ya yi gaskiya, sai dai a ƙara da mai. Karotin ba ya narkewa a ruwa, sai a maiƙo, hanji kuma ba ya ɗaukarsa sosai in ba mai a cikin abincin. Shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gujiya ya fi dafaffen ganye gaya. Haka dafaffen karoti ya fi wanda aka gurgura ɗanye shiga jiki. Kuma lissafin ba ɗaya da ɗaya ba ne: wajen kashi 12 na beta-karotin (nau'in karotin da ya fi juyawa ya zama bitamin A) na cikin abinci ke ba da kashi 1 na bitamin A. Hanta da ƙwai da man shanu su kuwa bitamin ɗin a shirye yake cikinsu.

Ba duka dangin karotin ne ke zama bitamin A ba. Jan tumatir da na kankana likofen ne, ba ya juyawa. Lutin na ganye da gwaiduwar ƙwai shi ma haka, amma yana taruwa a tsakiyar bayan ido inda gani ya fi kaifi. Ina jan kunnen masu sayen ƙwayoyin ƙarin bitamin barkatai, musamman mashaya taba. A Finland an gwada ba maza mashaya taba kusan 29,000 ƙwayoyi, aka fitar da sakamako a 1994: waɗanda suka sha beta-karotin sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin 100. A Amurka ma an dakatar da wani gwaji makamancinsa a 1996 kan wannan dalili. Ƙwaya mai ƙarfi ce ta yi haka, ba karotin miya ba.

Hajiyar Sabon Gari:
Duk kun manta da manja. Mu da muka zauna Kurmi mun san shi, ja wur. Malam, yana ciki ko ba ya ciki?

Malamin Kwaleji:
Yana ciki, Hajiya, yana ma sahun gaba. Sharaɗin kada a bar shi a wuta yana hayaƙi har jan ya washe kafin a zuba albasa. In ya washe, karotin ya ƙone, saura mai kawai.

Hajiyar Sabon Gari:
To ai in ba a soya shi haka ba gafi yake yi, Alhaji ba ya taɓa miyar. Sai dai in riƙa ɗibar wa jikoki nasu daban.