Neman kalma: kuɗin agajin da mai shi ya ce sai wuri kaza

Salamu alaikum ƴan uwa masu fassara da ma'aikatan rediyo na Maradi. Ina neman Hausar abin da takardun Faransanci ke kira "fonds fléchés", Turancin Ingilishi kuma "earmarked funds". Kuɗi ne da wata ƙasa ko gidauniya ke bai wa hukumar lafiya, amma ta ce kada a taɓa ko dala sai a kan cuta kaza, a ƙasa kaza.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tun kafuwarta a 1948 tana da kason da ya wajaba kowace ƙasa mamba ta biya. Daga 2020 zuwa 2023 wannan kaso bai kai kashi 20 cikin 100 na kasafinta ba. Sauran duk na ganin dama ne, kuma mafi yawansa da umarnin mai shi yake zuwa. Gidauniyar Gates kaɗai tana ba da kusan kashi 10, babban rabonsa kuma na shan inna ne. Mu a rediyo "tallafi" kawai muke cewa, mai sauraro a Dakoro ya ɗauka kyauta ce aka miƙa wa likitoci su yi abin da suka ga ya fi.

Wani malamin makaranta daga Tasawa: Wa alaikumus salam. Malam, me zai hana a ce cin hanci kai tsaye? Wanda ya sayi bakin hukuma da kuɗinsa ai toshiya ya bayar.

Mai tambaya: Allah ya gafarta malam, ban yarda ba. Sata tana nan, kuma tana da sunayenta. A 2011 an fallasa almundahanar miliyoyin dalolin Global Fund, asusun duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, a Mali da Muritaniya da Zambiya da Jibuti, har Jamus ta dakatar da nata kuɗin. A nan Nijar ma, a 2013 an kama likitoci bisa zargin karkatar da kuɗin rigakafi na Gavi, ƙawancen duniya mai samar da rigakafi. Wannan ana kai shi gaban alƙali. Wanda nake nufi kuwa a fili ake yin sa, da sa hannu da hatimi, babu dokar da aka taka. In muka haɗa su a suna ɗaya, mai bayarwa zai ce a kawo shaidar sata, mu rasa, magana ta mutu.

Wata ungozoma mai ritaya: Ɗana, ni na ga abin da idona, ko ban san sunansa ba. Ranar kamfen ɗin shan inna za ka ga motoci da babura, da akwatunan ƙanƙara, da alli ana rubutu a ƙofar kowane gida, ana shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa. A wannan makon uwa za ta zo da yaro jikinsa zafi rau, ƙafafu sun kumbura da tamowa, majo, shugaban ɗakin shan magani, ya rubuta mata takarda ta je ta saya. Ba na ƙin ɗigon, ya tsare mana yara daga gurguntaka. Amma motar nan ba ta da izinin ɗaukar mai naƙuda. Ni "tallafi mai sharaɗi" zan ce.

Mai tambaya: Inna, kin faɗi abin da ya hana ni barci. Sai dai sharaɗi ya yi faɗi. "A kawo rasit", "a bari a binciki littafi", duk sharuɗɗa ne, kuma muna son su.

Wani mai karatun fiƙihu: Waƙafi fa? Mai waƙafi shi ke faɗin inda dukiyar za ta tafi.

Mai tambaya: Ya kusa ƙwarai. Amma galibi mai waƙafi ya fitar da abu daga hannunsa har abada. Waɗannan kuwa suna iya janyewa: a 20 ga Janairun 2025 shugaban Amurka ya sa hannu kan ficewa daga OMS, hukumar ta shiga rage ma'aikata. Kuma ba na son mu lulluɓe abin da rigar ibada.

Ungozoma: To ka ce tallafi mai akala. Raƙumin a gidanka yake kwana, kai ke ba shi ƙaiƙayi, igiyar tana hannun wani.

Mai tambaya: Inna, Allah ya ƙara girma, wannan ita ce. Kowa ya san "juya akala", ba sai an yi bayani ba, kuma babu zagi a ciki. Ga gwaji: "A Mayun 2022 ƙasashe suka amince su ƙara kason dole har ya kai rabin babban kasafin OMS nan da 2030 zuwa 2031, don a rage dogaro da tallafi mai akala." Ta zauna a baki. Tana kuma taimaka mana mu tambayi dalilin da ya sa cutar da ake kira "noma", wadda ke cinye fuskar yaran talakawa daga nan har Damagaram da Sakkwato, ba ta shiga jerin OMS na cututtukan da aka yi wa sakaci ba sai Disamban 2023.

Malamin Tasawa: Na karɓa. Kishiyarsa sai mu ce tallafi sakakke. Zan tura wa abokan aiki na Katsina su gwada a kunnen nasu masu sauraro.